Kora ko rijista: yaya za a yi da gidajen mata a garin Tawa?

Ɗan_Adar_Mai_Shago:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Maganar da zan kawo tana da nauyi a baki, a yi haƙuri da ni. A unguwarmu nan Tawa akwai wani gidan haya mai ɗaki bakwai, mata masu zaman kansu ne a ciki tun kafin in buɗe shago. Makonni uku da suka wuce, da ruwa ya ɗauke har gero ya fara naɗewa, aka taru bayan sallar roƙon ruwa aka ce su ne suka hana ruwa sauka. Aka ba su kwana uku. Da idona na ga ana ɗora katifu da kwanuka a amalanken jaki, wata tana goye da jariri, murhun gawayi a hannunta. Ita ce ma ta tsaya ta biya ni bashin sukari da sabulu, jika guda da dala arba'in, kafin ta wuce.

Shekaranjiya na kai kaya bakin gari, sai ga su a wani kangon gida da ko ƙyaure babu. Baburan da na saba gani a ƙofar tsohon gidan, su ne dai jingine a can. Ƙanena da ke Dakar ya ce a Senegal hukuma rijista take yi musu, a ba su karne na likita, a riƙa duba su. To ina tambaya: tunda kora ba ta kashe abin ba, wuri kawai ta sauya masa, ba gara a halatta a sa doka ba?

Malam_Na_Zaure:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka fara gyara kalmar. Halattawa ba a hannun gwamnati take ba, ba kuma a hannun majalisa ba. Allah bai ce kada ku yi zina kawai ba, cewa ya yi kada ku kusance ta, duba Suratul Isra'i aya ta 32. Annabi (SAW) kuma ya hana kuɗin da karuwa ke karɓa, hadisin yana cikin Buhari. In hukuma ta buga wa mace hatimi a takarda ta ce je ki yi, gobe za ta karɓi haraji a kanta, kuɗin ya shiga baitulmali, a biya malaman lakwal da shi, a sayi maganin asibiti da shi. Kai za ka yarda a yi wa ɗanka allura da wannan kuɗin?

Sani_Kabukabu:
Allah gafarta malam ka gama magana. Admin a rufe kawai.

Lauyan_Gobe:
Sani, ba a gama ba, ba a ma fara ba. Ni ɗalibin shari'a ne a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, kuma abin da na lura shi ne ana cakuɗa abubuwa daban-daban a ƙarƙashin kalma ɗaya. Na Senegal da Mai Shago ya ambata tun 1969 yake: sai mace ta kai shekara 21, ta yi rijista, ta riƙa zuwa awo kowane wata, in ba haka ba laifi ne. Amma ko a can kawalci da buɗe gidan karuwai haramun ne a doka. Holan ta ɗage haramcin gidajen a 2000, Jamus ta mayar da abin sana'a a 2002. Suwidin kuwa ta bi wata hanya dabam tun 1999: macen ba ta yi laifi ba, namijin da ya biya shi ne mai laifi. Faransa ta bi sahunta a 2016, tarar mai saye yuro 1,500, kusan miliyan guda na sefa ke nan. Sai kuma Niyu Zilan da ta cire hukunci gaba ɗaya a 2003 tsakanin manya, ba tare da tilasta wa macen rijista ba. Mu a nan Nijar dokarmu ta hukunta laifuffuka tana hukunta kawalci, wato mai cin abinci da jikin wata. To wanne ake nufi in an ce a halatta?

Hajiya_Mai_Atamfa:
Na Suwidin ɗin nan ya yi mini. A kawo shi Tawa mu ga masu manyan riguna nawa za su kwana a kumsariya.

Sani_Kabukabu:
Hajiya, ai mu masu kabu-kabu mu muka san su. Bayan isha'i, a sauke ni nesa kaɗan, kada ka haska fitila. Amma bakina da goro.

Mai_Gadin_Zaure:
Gargaɗi tun da wuri: ba sunan mutum, ba sunan unguwa, ba kwatancen gida. Wanda ya saka zan goge, in ya maimaita in fitar da shi.

Inna_Ungozoma:
Shekara ashirin da 'yan kai ina aikin awon ciki da karɓar haihuwa, don haka bari in faɗi abin da ke zuwa gabana. Allah gafarta malam, ban ja da ayar ba, wa ni. Amma wadda ta fi ba ni tausayi ba karuwar ba ce, matar gida ce. Yarinya 'yar shekara goma sha takwas, tana cikin kulle, ko kasuwa ba ta sani ba, ta zo awon cikin fari a gwada jininta a ga sida. Daga ina? Ka ce ta kawo mijin, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba zai zo ba. Akwai wadda take juye ƙwayoyinta cikin robar man shafawa da ta wanke, don kada uwar miji ta ga kwalbar ta gane.

Su kuwa matan gidajen, lokacin da suke wuri guda mun san inda za mu same su. Ana kai musu kwaroron roba, ana gwada su, mai ciwon sanyi a ba ta magani. Da zarar an watsa su, shi ke nan, sai wadda ciwo ya ci ƙarfinta ta zo da dare cikin dogon hijabi. Alhamdu lillahi masu sida a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, amma ba da kora aka riƙe shi a haka ba, da gwaji da magani ne. Ni ban ce a ba su lasisi ba. Na ce duk ranar da aka kore su, mu ne muke rasa inda suke, ba abokan hulɗarsu ba.

Baƙon_Abijan:
Inna ta faɗi gaskiya. Mu kuma 'yan cirani mu daina ɓoye fuska. Adar kowa ya san rabin samarinta suna Abijan ko Libiya ko Aljeriya. Mutum ya yi shekara uku bai zo gida ba, ya dawo da akwati da rediyo da abin da ba a gani. Can ma ya bar wata, nan ma ya bar wata tana jira ba aike.

Mushe_Mai_Ritaya:
Yara, ku bari tsoho shi sa baki. Abin ga ba yau anka fara shi ba, kuma tsari ma ba baƙo ba ne gare mu. Da can kowane babban gari na ƙasar Hausa shina da magajiya, ita ce shugabar mata masu zaman kansu. Baƙuwa ta sauka gari, gidan magajiya za ta. Rigima ta tashi, magajiya za a kira gaban sarki. Gayya ko biki, ita ka tattara su. Zamanin siyasar neman mulkin kai ma jam'iyyu sun yi zawarcinsu, Sawaba ta Djibo Bakari ta samu goyon baya ƙwarai wurin waɗannan mata, don su ne ba su da mai hana su hita taro. Ke nan sarakuna ba su halatta ba, amma sun san da wa za su yi magana.

Korar ma mun sha ganin ta. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a zamanin Yariman Bakura, ta fara aiki farkon 2000, Sakkwato ta biyo baya, ina matan sunka tahi? Nan sunka tsallako, Ƙonni da wajen Maraɗi. Mazan kuma sunka biyo su ranar Juma'a da marece cikin motoci. Cikin watan Nuwamba na 2000 ɗin, lokacin zanga-zangar ƙin FIMA, bikin nuna kayan ado da tuhwahi, anka ƙona mashaya da gidajen mata a Maraɗi. Shekara ashirin da wani abu ke nan. Wanda ya je Maraɗi kwanan nan shi gaya mini ko abin ya ƙare.

Ɗiyar_Ƙonni:
Baba Mushe, Allah ya ƙara lafiya. Amma magajiyar nan da kake yabo ba kyauta take yi ba, tana da kasonta a kan kowace. A bakin Lauya ita ce kawaliya.

Mushe_Mai_Ritaya:
Ban yabe ta ba ɗiyata, labari na ba ku. Tana da kasonta, ƙwarai.

Ɗan_Adar_Mai_Shago:
To ai maganata ke nan. In da can akwai mai kula, me zai hana yanzu hukuma ta zama mai kular? Karne, likita, shekaru, a hana ƙananan yara shiga.

Lauyan_Gobe:
Yaya Mai Shago, ka tambayi ƙanenka abu guda: mata nawa ne suke da karnen? A Senegal ɗin mafi yawansu ba su yi rijista ba, a ɓoye suke yi. Dalili a fili yake. Sunanki yana shiga kundin 'yan sanda, kuma fitar da shi bayan kin daina ba ƙaramin aiki ba ne. A Dakar ma ke nan, birni mai miliyoyin mutane. Ka kawo shi Tawa, inda mai rubuta sunan ɗan ƙanwar maƙwabcin babanki ne. Wa za ta je? Jamus da kanta, da ta tilasta rijista a 2017, waɗanda suka rubuta suna zuwa ƙarshen 2019 wajen 40,000 ne, alhali kowa ya yarda masu yi sun fi haka nesa. A Amsterdam kuma hukumar birnin ce da kanta ta koma tana rufe wasu tagogin da matan ke tsayawa, saboda masu safarar mutane sun fake da halaccin.

Ɗan_Galmi_Mai_Albasa:
Turkiyya da Tunisiya fa? Ƙasashen Musulmi ne kuma na ji suna da gidaje masu lasisi.

Lauyan_Gobe:
Haka ne, Turkiyya tana da su, Tunisiya ma ta gaje su tun zamanin Faransa, sai dai bayan juyin 2011 an rufe mafi yawansu. Abin dariya, Faransar da ta tsara irin waɗannan gidaje a ƙasashen da ta mallaka ta rufe nata na gida tun 1946.

Malam_Na_Zaure:
Aikin wata ƙasa ba hujja ba ne a addini, ko da limamai ne ke mulkinta.

Zawara_Ce_Ni:
Tun ɗazu ina karantawa, maza suna ta zagaya duniya, Suwidin, Jamus, Holan. Ku dawo gida. An yi mini aure ina da shekara goma sha biyar, aka sake ni ina da goma sha tara da 'ya'ya biyu. Takardar sakin ma yaro aka aiko da ita. Na koma gidanmu na tarar ɗakina ƙanena ya sa amarya. Na gama idda a ɗakin tsohuwa, matar baba tana ƙirga mini ludayin fura. Uban yaran ko dala bai taɓa aikowa ba.

Kun san su wa suka fara sallama da ni? Ba samarin fada ba. Magidanta ne, masu mata biyu da uku, su zo bayan isha'i da balangu a takarda da jika biyu a naɗe, su ce zawarci. Ka ce to a turo manya, sai ka ji ana sosa ƙeya, wai a fahimci juna tukuna. Wallahi akwai daren da ƙaramin yarona yake zazzaɓi, ba ni da kuɗin magani, takardar naman nan tana ajiye a bakin tabarma, na daɗe ina kallon ta. Allah ya tsare ni da gwaggota, ita ta sayar da tunkiyarta ta saya mini keken ɗinki. Wadda muka yi idda lokaci guda da ita ba ta da gwaggo mai tunkiya. Yanzu tana wajen zinariya a arewa, ba ta ɗaga waya in na kira.

Don haka ni ba karne nake so a ba ta ba, kuma ba kora ba. A tilasta wa uban yara ya ciyar da 'ya'yansa, alƙali ya bi shi har kasuwa. Rabin ɗakunan gidan da Mai Shago ke magana da kansu za su zama wofi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ƙanwata, kin sa ni hawaye. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ki yi mini magana ta gefe, ina ba da ɗinkin kallabi da zannuwa gab da salla.

Inna_Ungozoma:
Abin da ta faɗa shi ne a alƙaluma ma. UNICEF ta ce kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, ba ƙasar da ta kai mu. Auren wuri, sakin wuri, ba karatu ba sana'a. Ina za ta?

Abu_Ɗalibi:
Inna da girmanki, kada a ɗora wa aure laifi. Auren wuri ai shi ke tsare yarinya. A Kano Hisba ta fara aurar da zawarawa tun 2012, gwamnati na ba da sadaki da kayan ɗaki. Wannan ce mafita, ba kwaroron roba ba.

Zawara_Ce_Ni:
Malam Abu, ni an tsare ni da auren wuri, ga ni. Aure ba laifi, amma in wanda zai saki ya san ba abin da zai biyo baya, ko sau goma aka ɗaura sau goma zai kwance. An sai da kare an sayi biri.

Direban_Arlit:
Ni hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit nika bi shekara goma sha shida. Ku bar batun karne, akwai waɗanda ba su da ko takardar haihuwa a hannunsu, madam, wato matar da ke safararsu, ta riƙe. Yaran kudancin Najeriya, galibi daga wajen birnin Benin, an ce musu aikin kitso za su yi Italiya. Su iso Agadas a ce kuɗin mota ya ƙare, sai kin biya bashi kahin a wuce Libiya. An sa su rantsuwa wurin boka tun gida, har sai da Oba na Benin ya tsine wa wannan rantsuwa a 2018. Na taɓa ɗauko wata da ta gudo, ba ta jin Hausa ba ta jin Faransanci, tahin ƙafarta duk ya tsage. Tun da anka samu zinariya a Jado a 2014 kuma sai abin ya ƙaru da namu na gida. Waccan yarinya wace doka za ta yi wa rijista? Ita ba sana'a takai ba, kamammiya ce.

Ɗiyar_Ƙonni:
Tunda an zo kan kamammu, mu ma mu duba tsakar gidanmu. Wahaya fa? A yankinmu na Tawa ake sayen yarinya a kai ta gida a matsayin ta biyar, ba sadaki ba ɗaurin aure. Hadijatu Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a kan sefa 240,000, sai a 2008 kotun CEDEAO ta ba ta gaskiya. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka tun 2003, ƙungiyar yaƙi da bauta ta Timidria ta yi ta fama a kai. Wancan ciniki ne da jikin mace ko ba shi ba ne? Amma ban taɓa jin an ce shi ya hana ruwa ba.

Sani_Kabukabu:
Kai, yau zauren nan ba wanda zai fita da rigarsa fara.

Malam_Na_Zaure:
Ɗiyar Ƙonni ta taɓo inda nake son dawowa, don kada a ɗauka da na ce haramun ne na sa hannu a kan abin da aka yi a unguwar Mai Shago. Hadisin Ibn Majah da ake jawowa, a je a karanta shi duka. Bayyanar alfasha an haɗa ta da annoba da cututtukan da magabata ba su sani ba. Hana ruwan sama kuwa, da hana zakka aka haɗa shi. To a cikin waɗanda suka taru suka ba mata kwana uku, su nawa suka fitar da zakkar geron bara da ta awaki? Na biyu, jifan mace da zina ba shaidu huɗu bulala tamanin ne, Suratun Nur aya ta 4. Na uku, a cikin surar dai, aya ta 33 ta sauka ne a kan Abdullahi bin Ubayyu da yake tilasta wa kuyanginsa karuwanci don ya ci kuɗin. Shi aka yi wa faɗa, su kuwa waɗanda aka tilasta aka yi musu albishir da gafara. Yarinyar da Direba ya ɗauko tana cikin wannan. Kuma kowa ya san hadisin karuwar da ta ɗebo ruwa da takalminta ta shayar da kare aka gafarta mata.

Ina nan a kan bakana, ba lasisi. Amma in unguwa ta iya haɗa kai ta kori mata bakwai cikin kwana uku, ta iya haɗa kai ta yi musu jari.

Lauyan_Gobe:
Allah gafarta malam, ka ga kai da Suwidin kun kusa haɗuwa: a bi kawali da mai saye, a buɗe wa macen ƙofar fita. Sai dai a faɗi gaskiya, can ma matan da kansu suna kuka, sun ce tunda masu zuwa suna tsoron kamu sai a ja su lungu inda ba mai jin ihunsu. Shi ya sa ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta goyi bayan cire hukuncin gaba ɗaya a 2016. Nan kuma ina tsoron abu guda: duk dokar da ta ce a kama mai saye, talaka za ta kama, mai babbar riga ya yi waya.

Baƙon_Abijan:
Ko kuma ta zama sabuwar hanyar na goro. Na taɓa gani a wani gari, an yi samame, kafin asuba duk an sako su, kowace ta ajiye abin da ta samu a daren. Mako na zagayowa a sake.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Mai gidan hayar fa? Shekara nawa yana karɓar kuɗin ɗaki bakwai, na tabbata ninki yake karɓa, ba wanda ya ambace shi. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Ɗan_Adar_Mai_Shago:
Hajiya, ninki ne kuwa, kuma yana sahun gaba ranar da aka je korar. Ya riga ya shafe ɗakunan da farar ƙasa ya zuba 'yan lakwal. Ni dai har yanzu ban ga wanda ya ba ni amsa ba. Lauya ya rushe mini karne, Malam ya rushe kora, Zawara ta ce a kamo iyayen yara. Duka na ji. Amma yau da dare suna cikin kangon nan ba ƙyaure, kuma ruwa ya dawo tun ranar Lahadi.

Abu_Ɗalibi:
Ka ga ruwa ya dawo bayan an kore su.

Ɗan_Galmi_Mai_Albasa:
Malam Abu, mu nan Galmi ba mu kori kowa ba, kuma daren Lahadin har katangar makwabcina ta faɗi.

Inna_Ungozoma:
Mai Shago, bar su su yi ta yi. Mai goyon nan da ta biya ka bashi, jaririn zai kai wata nawa? In za ka sake kai kaya can, ka ce mata ta kawo shi rigakafi ranar Talata da safe, ta zo da katinsa in bai ɓace a wajen kwashe kaya ba. In ya ɓace ma ta zo, za mu yi wani.

Ɗan_Adar_Mai_Shago:
To Inna, jibi zan koma, zan gaya mata. Bai fi wata huɗu ba a ganina. Sai dai sunanta na gaskiya ban sani ba, a littafin bashi "ta ɗakin ƙarshe" na rubuta.